Ranar da Tifa Ta Zo Binne Mana Hanyar Ruwa

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan manta da safiyar da tifa ta zo binne mana hanyar ruwa ba.

Gonarmu ta gado tana tsakanin Kura da Bunkure. Da aka raba, yayana ya samu ɓangaren bakin titi, ya sayar wa wani alhajin birni mai son gina sito. Ban hana shi ba, haƙƙinsa ne. Sai dai ta gefen kasonsa ne 'yar kwatar da ke ɗauko ruwa daga babban kanal ta bi, ita ke shayar da gonata da ta ƙananan manoman da ke bayana. In aka cike ta da burji, shinkafarmu ta mutu, mu ma sai mu sayar.

Ni kuwa kowa ya san ni da fargaba. In akuyar maƙwabci ta yi mini ɓarna, ni ke zuwa ba shi haƙuri. Amma da na hango tifar cike da burji tana ja da baya zuwa bakin kwatar, sai na ruga wurin dattijon da ke da ban ruwan ranar, domin a wajenmu ba ka taɓa ruwa in ba ranarka ba ce.

"Baba, ka ara mini ruwanka na yau."

"Kai da ka sha jiya?"

"Kwatar za su binne."

Ya ce, "Saki, ɗana. Har na jikokina na ba ka."

Na janye buhun da ke toshe bakin kwatar, ruwa ya taho, na shiga tsakiyarta na zauna daram.

Dillalin alhajin ya daka mini tsawa: "Malam, tashi! An biya kuɗin wurin nan."

Na ce, "Ƙasa kuka saya, ranka ya daɗe. Wa ya sayar muku da ruwa?"

Yayana ya matso ya ce kada in kunyata shi. Na ce, "Yaya, ka yafe mini, amma wallahi ba zan tashi ba."

Direban ya leƙo, ya kashe mota. "Ni burji aka ce in juye, ba a ce in yi jana'iza ba."

Kafin hantsi maƙwabta sun jeru a bakin kwatar, ƙafafunsu cikin ruwa. Mai gari ya zo ya yanke cewa hanyar ruwa ba ta shiga ciniki. Dole aka ja katangar siton baya. Siton yana nan, ruwanmu yana wucewa ta gindinsa.

Abin da na koya shi ne, ƙaramin manomi ba ya rasa gonarsa rana ɗaya. Taku ɗaya ake fara ci, kowa yana jin kunyar magana. A kan takun farko ake zama, ko da jiki yana rawa.