Gidan Fatalwa a Tagar Yaya Cyril

Yayana Cyril Hudak ba mai yawan magana ba ne. A kamfanin kwali da ke bakin kogi ya yi aiki, tun yana saurayi har furfura ta cika masa kai. In ya dawo gida sai ya wanke hannu, ya ci abin da matarsa Vilma ta ajiye masa, ya zauna a baranda yana kallon jiragen dakon kwal suna wucewa a ruwa. Ba don watan Oktoba ba, da rabin mutanen layinmu ba su san muryarsa ba.

Abin ya faro ne a shekarar da 'yarsu Janine ta kamu da ƙarambau gab da Halowin, bikin ƙarshen Oktoba da yara ke sa kayan ban tsoro. Uwarta ta riga ta ɗinka mata kayan mayya, ga shi likita ya ce ba fita. Yarinya ta kwanta tana kuka, ƙawayenta za su bi gida-gida karɓar alewa ba da ita ba. Cyril bai rarrashe ta ba, don bai iya rarrashi ba. Ɗakin ƙasa ya sauka da kwalin takalmi da reza, da ya hau kuwa sai ga shi riƙe da ɗan gida baƙi ƙirin, rufinsa a karkace, tagoginsa an liƙe su da takarda ruwan ɗorawa. Ya sa ƙaramin ƙwan lantarki a ciki, ya ajiye a tagar falo. Da almuru yaran da suka zo karɓar alewa suka manta da abin da ya kawo su, suka yi cirko-cirko a gaban gilashi, Janine kuwa tana daga ciki da ƙurajenta tana yi musu gwalo.

Daga nan ya zama al'ada. Da zarar ganyen bishiyoyi ya fara ja, sai ya kwaso guntayen kwalin da kamfani ke zubarwa. Da bayan wuƙa yake jan layi inda zai naɗe, don kada kwalin ya tsage, ya shafa gam da tsinke, ya danne da yatsa har ya kama. Rufin kuwa ƙanana-ƙanana yake yankawa ya jera, ya bar wasu gurabe kamar iska ta kwashe. Yakan ce miƙaƙƙen gida kowa ya iya ginawa, aikin shi ne ka gina wanda zai yi kamar yanzu zai faɗi, ya kuma ƙi faɗuwa. Kowace shekara gidan sai ya fi na bara: bene, hasumiya, matakalar da ta karye a tsakiya, 'yar maƙabarta a gefe, busassun rassa daga bakin kogi, auduga da aka ja ta zama yanar gizo.

Amma mazauna gidan aikin Vilma ne. Da ɗan almakashinta na ɗinki take yanka jemagu da mujiyoyi da fatalwowi, kuma kowace fatalwa in ka duba da kyau wani ne a layinmu. Ga mahauci da tumbinsa, ga mai gyaran mota da kunnuwansa. Ni kuwa, ƙanwar mijinta, kullum ni ce mayyar da ke leƙowa ta bututun hayaƙi.

"Matarmu, wannan hancin ai ya wuce nawa," in ce mata.

"Loretta, rage shi ma na yi, kwalin ne bai isa ba."

"Yaya, kana ji ana ci wa ƙanwarka mutunci a gidanka?"

Shi kuwa ko ɗagowa ba ya yi. "Ni gini kawai aka ba ni. Ba ruwana da 'yan haya."

Haka aka yi ta yi. Janine ta girma, ta yi aure, ta koma birnin Columbus. Kamfanin kwali ya rufe. Yaran da suka taɓa tsayawa a gaban tagar suka fara kawo nasu 'ya'yan.

Mantuwar Vilma da ƙananan abubuwa ta soma. Ta zuba gishiri a kofi, ta sa jakarta a firji, ta kira ni da sunan wata ƙawarta da ta mutu tun muna 'yan mata. Muka yi ta mai da abin wasa, ita ma tana taya mu dariya, har ranar da ta fita sayen burodi aka tsince ta a tsohuwar tashar jirgin ƙasa tana jiran jirgin da ya daina zuwa tun da daɗewa. Likita ya faɗi sunan ciwon, ya ce ba a warkewa. Cyril ya karɓi girki da wanki, ya sa wa ƙofar baya sakata a sama inda hannunta ba ya kai.

Oktoban shekarar ya gina gidansa kamar yadda ya saba, ya ajiye mata farar takarda da almakashi a kan tebur. Ina wurin. Ta ɗauki almakashin ta juya shi, ta buɗe ta rufe, sannan ta ajiye shi a gefen faranti kusa da cokali. Cyril ne ya yanka fatalwowin da kansa, suka fito duk kama ɗaya, ba wadda ta yi kama da kowa.

Ranar Halowin na zo taya su rabon alewa. Rana na faɗuwa ya kunna ƙwan, tagogin gidan suka yi jawur. Yara sun fara taruwa a waje. Vilma tana zaune a kujerarta, ta ƙura wa gidan ido.

"Akwai mutane a ciki," ta ce a hankali.

"Naki ne ai, 'yan hayarki," na ce.

"Wuta ta kama, kuma akwai mutane a ciki."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, muka juya ni da Cyril da kwanon alewa. Kafin mu waiwayo ta shiga kicin ta ɗauko tukunyar da aka jiƙa, ta juye ruwan gaba ɗaya a kan gidan. Ƙwan ya yi ƙara ya mutu. Hasumiyar ta fara lanƙwasa, rufin ya zauna, baƙin fenti ya bi bango yana zuba a kan darduma.

Vilma ta juyo tana haki, tukunyar na hannunta. "Na kashe ta," ta ce.

Cyril ya zare waya daga bango, ya karɓi tukunyar, ya goge mata hannu da gefen rigarsa. "Kin kyauta," ya ce. "Ba wanda ya ji ciwo."

Bayan wannan ne ta fara cewa a kai ta gida. Da safe, da rana, tana cikin falon da ta share shekara da shekaru, sai ta ɗauki jaka ta tsaya a bakin ƙofa. Gidan da take nufi na iyayenta ne, a wani ƙauyen masu haƙar kwal da ke bayan tudu. Da bazara ta shigo Cyril ya sa ta a mota, na bi su. Ƙauyen an daɗe da rushe shi. Ciyawa ce kawai da ƙananan bishiyoyi, sai wata matakalar siminti da ke tsaye ita kaɗai ba ta kai ko'ina. Vilma ta leƙa ta gilashi, ta ce, "Malam direba, ka ɓata hanya." Ta ƙi fitowa.

Da kaka ta zagayo na ɗauka ya bar aikin kwali ke nan. Sai na shiga wata rana na tarar ya hau da kayan aikinsa daga ɗakin ƙasa, ya baje su a teburin kicin, Vilma na zaune a gabansa.

"Ƙofar gaban gidan su Mamanki, a tsakiya take ko a gefe?" yake tambayarta.

"A gefe mana. Tsakiya ai bangon maƙwabta ne, gida ɗaya aka raba mana biyu."

"Tagar kicin fa?"

"Tana kallon famfo. Mama na wanke-wanke tana ganin wanda ya sha ruwa bai rufe ba."

Matar da ba ta iya faɗa maka ko ta karya kumallo ba, sai ga ta tana lissafo inda murhu yake, da launin labule, da katakon baranda da ke ƙara in Babanta ya taka. In ya yi kuskure ta buge masa hannu. Makonnin nan su ne mafi daɗi da suka samu a ƙarshen zamansu, ta daina tsayawa a bakin ƙofa, tana cin abinci. Sai dai ba ta san wanda ke yi mata ginin ba.

Ranar da yake liƙa rufi ta daɗe tana kallon yatsunsa. "Bawan Allah, hannunka na da kyau. Kana da iyali?"

"Ina da mata."

"To madalla. Tana dai kula da kai ko? Na ga wuyan rigarka ya yage."

"Tana kula da ni ƙwarai," ya ce. Ya tashi wai zai ɗauko gam, alhali gam ɗin na gabansa. Na bi shi baranda na same shi dafe da ƙarfe, yana kuka. Tun rasuwar mahaifiyarmu ban ga haka ba. Na tsaya kusa da shi har ya nutsu, muka koma ciki.

Gidan ya fito fari-fari mai ruwan toka, miƙaƙƙe, ba hasumiya, ba jemage. Bai sa masa fitila ba. Vilma ta zagaya shi da ido ta ce, "Shi ne. Amma ina suka tafi?" Sai ya koma kan takarda. Da kwatancenta ya yanka Mamanta a tagar kicin, Babanta a baranda da hular aikinsa, da wanta Emil, wanda ramin kwal ya rufta da shi tun kafin mu san ta, yana zaune a kan matakala. Wannan karon sun yi kama da mutane.

A tagar falo ya ajiye shi ranar Halowin. Wata yarinya sanye da kayan ƙwarangwal ta leƙa ta yamutsa fuska. "Baba Cyril, na bana ai ba ya ba da tsoro. Ina fatalwowin?"

"Na bana haka ya zo, 'yata," ya ce, ya ƙara mata alewa. Da ta tafi ya dube ni. "Duk gidajen da na yi, wannan ne kaɗai matattun cikinsa na gaske ne."

Vilma kuwa ta ja kujera ta zauna kusa da gidan har aka gama rabo, tana ba Mamanta labarin wani saurayi mai aiki a kamfanin kwali, wai ba ya magana, amma ta ga alamar zai yi haƙuri.

Cikin hunturu ta zame a banɗaki ta karya ƙugu. Daga asibiti aka wuce da ita gidan kula da tsofaffi, don Cyril ba ya iya ɗaga ta. Ya kai mata gidan kwalin ya ajiye inda za ta gani daga gado. Kullum da safe yana can, shi ke ba ta abinci a baki, sai yamma ma'aikatan su ce ya tafi ya huta. Ba ta kai ƙarshen sanyin ba. Ranar da aka rufe ta ƙasa ta yi tauri da ƙanƙara, sai da aka kawo injin haƙa.

Janine ta so tafiya da shi nan take, ya ƙi. Ya yi shekara guda shi kaɗai, ina kai masa naɗin kabeji da nama ranar Lahadi, in dawo ranar Laraba in tarar bai ci rabi ba. Da ya fara faɗuwa a matakala shi ma, ya yarda. Kafin ya tafi ya fito da tsofaffin gidajen daga ɗakin ƙasa, waɗanda danshi bai ci ba, ya jera a baranda, kowa a layin ya zo ya ɗauki ɗaya. A Columbus ba a rage shi da komai ba, ɗakinsa da ɗumi, jikokinsa na son sa. Amma in ya kira ni, tambayarsa ba ta wuce ko kogi ya cika, da wane ne ya mutu. Bai sake riƙe reza ba.

Da ya rasu muka dawo da shi, aka sa shi kusa da Vilma a kan tudu. A wajen cin abinci bayan jana'iza wani ƙaton mutum mai furfura a gemu, direban babbar mota, ya zo ya tsaya a kaina yana murza hula. Ban gane shi ba sai da ya faɗi sunan uwarsa.

"Goggo Loretta, akwai shekarar da ya sa wani abu mai jan ido a tagar benen gidan kwalin. Ina ƙarami lokacin. Wallahi a wando na saki fitsari, a nan gaban barandarsu. Baba Cyril ya gani, ya shigar da ni ta ƙofar baya, matarsa ta ba ni wandon Janine mai furanni na sa na koma gida. Har suka bar duniya ba su faɗa wa kowa ba."

Na yi dariya har na sarƙe. Shi ma ya fara dariyar, sai kuma ya rufe fuska da hular. Janine ta jawo masa kujera, ta zuba masa kofi, ya zauna tare da mu har aka watse.