Albasar Tsibiri a Lambun Yelwa

Arzika Bagunge ne, haifaffen wani tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, cikin mutanen da suka tashi ba su san komai ba sai albasa da kwalekwale. Shekarar da aka datse ruwa a Kainji, tsibirinsu ya nutse da gonaki da kusheyin iyaye, aka kwaso su zuwa tudu. Kowa ya ɗauki abin da ya fi so, wasu tukwane, wasu awaki. Shi kuwa irin jar albasar ubansa ya ƙulle a tsumma, ya rataya a wuya kamar laya.

Wurin da aka zaunar da su tsakuwa ce zalla, ruwa kuma da nisa. Ya yi fama har ya gaji. Daga ƙarshe ya sami aikin ban ruwa a wani ɗan lambun shaƙatawa a Yelwa, bakin tafki, mai kujerun siminti da furanni. Mutumin da albasarsa ke cika jiragen 'yan kasuwa, ga shi yana wahala a kan ganyen da ba a miya da shi. To, da babu gara ba daɗi.

Shi irin albasa ba ya jiran kowa. In ya daɗe a tsumma, ya mutu. Dole duk shekara, da sanyi ya shigo, a binne uwar albasa, ta yi tsiro, ta fitar da farin fure, ya bushe a kanta, sannan a karkaɗe baƙin irin. Arzika yakan yi nasa a ɓoye, bayan shingen lambun, domin Malam Mainasara, mai kula da wurin, ya riga ya ce nan wurin hutawa ne, ba gona ba. Wata shekara awaki suka yi masa kaca-kaca, 'yan ƙwayoyin albasar da suka tsira ko ƙwarya ba su cika ba. Su kaɗai suka rage masa, irin da ke tsumma ya riga ya ƙare.

Da sanyi ya dawo sai ya yanke shawarar binne su duka cikin shinge, tsakiyar furanni. Matarsa Hansatu ta ce, "Maigida, ka hwaɗa mashi gaskiya mana. Mutumen nan ba mugu ba ne."

Ya ce, "In ya hana fa? Bagunge bai taɓa roƙon wurin shuka albasa ba."

Girman kai ne, kuma shi ma ya sani.

Sanyin bana ya yi ƙarfi. Tafki ya cika maƙil, balbelu suka yi fari a bakin ruwa. Malaman makaranta da akawuna suna zuwa shan hantsi da suwaita, mai shayi ya kafa tebur, yara suna guje-guje. Arzika yana ta jigilar garwa, gwiwoyinsa suna ƙara. Albasar ta miƙe, ta yi kawuna farare ƙulu-ƙulu, har ta fi furannin turawa tsayi. Babu wanda ya gane ta. In ya sunkuya ba ta ruwa, ƙamshin tsibirinsu yake ji, ransa ya yi sanyi. Saura kaɗan ta bushe.

Wata safiya ciwon baya ya kwantar da shi, bai iso ba sai da rana ta ɗaga. Ya tarar da lambun cike da 'yan bikin wani akawu, an zo ɗaukar hoto. Ƙawayen amarya sun jeru, kowace riƙe da dami na farin fure. Ya duba wurin shukarsa, sai kututture kore, yankan wuƙa, ko ɗaya ba a bari ba.

Malam Mainasara ya taho da fara'arsa. "Baba Arzika, sannu da aiki! Ni na ce su yanka. Wallahi duk lambun nan babu huren da ya kai naka kyau. Baɗi ka cika muna wurin ga da shi."

Arzika ya aje garwar a hankali. Ba shi da ƙarfin fushi, kuma bai ga wanda zai yi wa ba. Ya shafa tsumman da ke wuyansa, fanko.

Ya ce, "Malam, da wane iri?"