Uwar Garke a Ɗakin Babban Akawu

A ƙarshen shekarun casa'in ina aiki a wani ofishin noman rani a Tiga, kullum daga Bebeji nake zuwa a kan babur. Kwamfutocinmu kowace cin gashin kanta take yi, babbar kuwa tana ɗakin babban akawu, mutumin da mukulli ba ya barin aljihunsa. Shi ne ya goge mini aikin difloma da na yi wata da watanni ina bugawa a kanta bayan an tashi. Da na tambaye shi dalili, ko ɗago kai bai yi ba.

"Injin gwamnati ne, ba adakar gidanku ba," in ji shi.

Shekara guda na maimaita saboda mutumin nan. Na haɗiye, amma ni ba waliyyi ba ne.

Ana nan aka aiko mana da sabon tsari daga Kano: inji ɗaya zai riƙe aikin kowa, sauran su riƙa ɗiba daga gare shi ta waya. Direbanmu, wani Bafulatani, ya leƙa ya ce ashe uwar garke aka kawo, sunan kuwa ya bi ta. Manaja ya ce a gwada wata guda. In ta yi, ni zan riƙe ta, in ba ta yi ba, komai ya koma hannun babban akawu kamar da.

Wayyo, na sha wuya! Ban taɓa ganin irin manhajar da ke cikinta ba. Allo baƙi ƙirin, sai ka buga mata umarni harafi harafi, ka kuskure ɗaya ta yi maka kunnen uwar shegu. Littafinta ya kai kaurin bulo. Ranar farko ni da kaina na kulle kaina a waje, na manta kalmar sirrin da na sa. A hankali dai na buɗa wa kowa gurbinsa, har manaja ya fara aika takarda firinta daga kujerarsa yana murmushi.

Doka ɗaya gare ta, ba a zare mata wuta. Ɗakin babban akawu ne kaɗai mai na'urar sanyi, don haka can aka ajiye ta. Shi kuwa da lokacin tashi ya yi sai ya fizge waya daga bango, ya lulluɓe ta da atamfa kamar talabijin ɗin falo, ya datse ƙofa. Da safe ta ɓata rabin hantsi tana lalube kanta, wani aikin ma ya lalace. Na roƙe shi har da rusunawa. Ya ce tun ina tsumman goyo yake kashe injin ofis. Ga manaja kuma ya je ya ce, "Yallaɓai, yaron nan da injinsa ba inda za su."

To, ramin mugunta ai ba shi kaɗai ya iya ginawa ba. Na daina roƙo. Da aka ce baƙi za su zo daga Kano, manaja zai zauna bayan la'asar ya rubuta jawabi, sai na ba shi shawara ya yi aikinsa kai tsaye a kan uwar garke, ya fi aminci. Ga babban akawu kuwa ban ce uffan ba. Na zauna a gindin darbejiya ina cin gyaɗa, ina jira.

Salatin manaja na fara ji. Ya fito ba hula, ya nufi ɗakin, ya tarar da mutumin da waya a hannu, atamfa a kafaɗa. Jawabi ya tafi. Nan take aka karɓi mukulli, aka miƙo mini. Wallahi daɗin da na ji ko ranar aurena ban ji shi ba.

Ba a jima ba aka mai da babban akawu sashen sito a Doguwa. Ranar tafiya ya bi ofis ofis yana sallama, har ya iso kaina. Ya miƙo hannu biyu, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Malam, zaman tare sai da saɓani. A yafe juna."

Kowa yana jiran in ce na yafe. Na riƙe hannunsa, na dube shi ido cikin ido.

"Allah Ya kiyaye hanya," na ce.