Takalmin da ya hau Bagzam

A unguwarmu ta Mallawa, in ka ga mace da goyo, da wuya a ce ba Yaya Gaji ce ta yi mata wankan jego ba. Sana'arta ƙuli-ƙuli, amma da ta ji an haihu sai ta kife kasko, ta ɗebo ganyen darbejiya ta nufi gidan. Ni Ƙande, maƙwabciyarta, na haifi ɗana na fari uwata ba ta duniya. Gaji ce ta dafa mini ruwa safe da yamma, tana dama mini kunun kanwa tana yi mini faɗa, har na yi arba'in. Ko sabulu ba ta karɓa ba.

Ƴa mace guda Allah ya ba ta, autarta Ummul Khairi, wadda ta auri Faruku, malamin lekol, wato makarantar boko. Gwamnati ta ɗauke shi ta kai wani ƙauye a kan dutsen Bagzam, can ƙasar Agadas, inda ake hawa da ƙafa, jaki na ɗaukar kaya. Da cikin Ummul Khairi ya tsufa a can muka sa ido ta zo gida haihuwa kamar yadda aka saba. Sai Faruku ya kira ya ce likita ta hana ta saukowa.

Ranar na ga Gaji ta zauna dirshan a ƙasa. Matar da ta wanke ƴaƴan mutane, tata za ta yi jego a hannun baƙi! Can ta miƙe ta kakkaɓe zane.

"In Auta ba ta saukowa, ni ina hawa," ta ce.

Faruku ya samo mata jagora, wani Ba'abzine mai suna Agali, wanda aikinsa ke nan kai mutane saman dutsen. Mutumin ba ya da wasa. Ta waya ya ce a auna mata tansiyo, wato hawan jini, ta riƙa hawan tudu kullum, kayanta kada su wuce na jaki guda, kuma ta zo da takalmi rufaffe wanda ya saba da ƙafarta. In ya gan ta bai gamsu ba, daga gindin dutsen zai juyo da ita.

To mu ina muka ga dutse? Sai tudun rairayin da ke bayan gonakin gyaɗa. Nan Gaji ta riƙa hawa tana sauka da bido, jarkar ruwa, a ka, masu amalanke na tsayawa suna tambaya ko lafiya. Majo, babban ma'aikacin asibitinmu, ya auna ta ya ce jininta ya fi nasa kyau. Kaya kuwa sai da aka yi rigima, don kowace mace ta kawo gudummawa: gero, yaji, daddawa, har da mai kawo turmi. Babbar tukunyar wankanta ma da ƙyar muka raba ta da ita.

Tafiya ta matso, sai na lura kullum da silifas take hawan tudu. Na tambaye ta ina takalmin da Faruku ya aiko daga Agadas. Ta buɗe kwalla ta fito da shi, a naɗe cikin ɗankwali, yana ƙamshin kanti.

"Yaya Gaji, ba ki taɓa sa shi ba?"

"Ke Ƙande, takalmin zuwa ganin jika ne! In ɓata shi a rairayi in je wa surukina da tsohon abu?"

Raina ya ɓaci, amma me zan ce? Haka muke duka, sabon abu sai ranarsa. Na matsa mata ta sa, ta hau tudu ta sauko. Kafin la'asar dugaduganta sun yi ruwa sun fashe. Majo ya ce ta huta da takalmi sai sun warke. Ga takalmi kamar busasshiyar ƙirgi, ga lokaci ya ƙure. Ban taɓa ganin Gaji ta yi hawaye ba sai ranar.

Na ɗauki takalmin na zura ƙafa, sai ya zauna daram. Ashe ƙafarmu ɗaya. Daga ranar da shi nake zuwa rijiya, da shi nake daka, da shi na ci kasuwar Dungas, zane a sama, takalmin ƴan ƙwallo a ƙasa. Mijina ya yi dariya har da riƙe ciki. Na ce ya yi ta yi. Nawa dugadugan ma sun ɗanɗana, ina shafa musu man gyaɗa, ina shafa wa takalmin. Ranar da Gaji ta sake sa shi, ta taka, ta ji ya yi laushi, ta dube ni.

Bayan ta tafi, Faruku ya ba mu labari ta waya. Ya ce a gindin dutsen Agali bai ko dubi fuskarta ba. Durƙusawa ya yi ya lanƙwasa bakin takalmin, ya ga ya yi laushi, ya ce, "Inna, mu je." A hankali suka hau, tana haki tana salati, yana ba ta ruwa da dabino, yana hana ta duban ƙasa. Ta isa Ummul Khairi na naƙuda. Aka sami ƴa mace, kuma hannun Gaji ne ya fara yi wa autarta wanka.

Ina tsakar gida ina tankaɗe wayata ta yi ƙara. Gaji ce, ta hau kan wani dutse inda ake samun rezon waya, iska na kaɗa muryarta.

"Ƙande, kina jina? Ƙafarki ta iso lafiya. Yanzu na sauke ruwan Auta daga wuta."

Na ajiye rariya na yi ta kuka, ina gode wa Allah. Tun haihuwata ta fari nake neman abin da zan yi wa matar nan, sai bana na samu.