Akushin Malam Iliya da Kofur Tanko

Ranar Juma'a da hantsi, ana kora shanu zuwa kara, Saratu ta aiko ƙaninta ya gaya mini mijinta Malam Iliya ya cika. Na ce Ubangiji ya karɓi bawansa. Abin da ban faɗa ba shi ne, ko a nan ma ya riga ni.

Tare muka yi ajin Mishan, tare aka turo mu Wudil, ni mai wa'azi, shi mai wanke miki a ɗakin magani. Na fi shi karatu nesa ba kusa ba. In ya tashi karatu a majami'a sai ya yi ta tuntuɓe, ni kuwa ina gyara masa da ƙarfi don kowa ya ji. Amma da an tashi, wurinsa ake taruwa. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai.

Shekara huɗu ke nan da Kofur Tanko ya sauka a bakin gada. Tsohon soja ne da yaƙin Boma ya cinye wa hannu ɗaya, ya bar shi da tarin jini da firgita. In mota ta yi ƙara sai ya faɗi ƙasa yana ihu. Danginsa sun guje shi. Ƙofata ya fara tsayawa, ba ta Iliya ba. Na sa aka zuba masa tuwo a sakaina, aka ajiye can gindin bishiya, yadda kowa ke yi wa mai irin wannan tari. A makon nan ma na yi wa'azi a kan jinƙai, kuma ya yi daɗi.

Iliya ya ɗauke shi ya sa a zaurensa. Na je na ce, "Malam, ka ciyar da shi, amma ka raba akushi. Kai ka fi ni sanin cutar nan."

Ya ce, "Malam Bitrus, ba yunwa ke kashe shi ba. Tun da ya dawo babu wanda ya sa hannu tare da shi. Almasihu bai kira mu mu jira sai abin ya yi sauƙi ba."

Ya tura 'ya'yansa Utai wurin kakarsu, ya ci gaba da cin tuwo da Kofur. Wasu suka daina ba Iliya hannu. Kofur kuwa firgitarsa ta ragu, har ya fara kiwon awaki.

Bara tarin ya kama Iliya. Na je duba shi, kuma ba zan ɓoye ba, so nake ya ce gaskiyata ce. Sai ya yi dariya ya ce, "Wa'azi ka kawo mini ko fura?"

Ranar jana'iza mahauta da masunta, Musulmi duka, suka tsaya a bakin kabari. Kofur ya ƙame ya sara masa da hannun da ya rage. Ni ina addu'a, zuciyata tana tambaya wa zai tsaya a nawa.

Da aka watse Kofur ya biyo ni da akushin a hammata. Ya ce, "Malam, yau ina zan kai wannan?"

Ubangiji ya ba Malam Iliya hutawa, ya yafe masa kurakuransa. Ya share wa Saratu hawaye, ya raya 'ya'yansu Hannatu da Dauda, ya tsare su daga tarin nan. Ni kuma ku roƙa mini gafara da ƙarfin hali. Akushin yana zaurena kwana uku ke nan, har yanzu ban sa hannu tare da Kofur ba.