Layin Wankin Ƙoda na Ranar Lahadi

A duk Iskandariyya babu mutumin da ya tsaya tsakanin marasa lafiya da kabari kamar Mamduh Sharƙawi. Yana wannan tsayuwa ne a zaune, a wani ofis mai ɗaki biyu da ke saman shagon mai dafa wake, inda suke rubuta manhajar tsara layin asibitoci.

Tun da kamfanin ya kawo na'urar nan mai basira, wadda ake gaya wa abin da ake so ta rubuta, abokan aikinsa suka samu lokacin shan shayi. Mamduh kuwa ya samu ƙarin aiki. Ya taɓa kama ta ta mai da Lahadi ranar hutu, kamar yadda ake yi a ƙasar waɗanda suka ƙera ta, alhali nan Juma'a da Asabar ake hutawa. Mahaifiyarsa kuwa, Hajiya Itidal, ranar Lahadi ake mata wankin ƙoda, a asibitin da ya sayi manhajarsu.

Daga ranar ya daina yarda da na'urar. Duk layin da ta rubuta sai ya bi shi da yatsa, ya koma farko. In ta ba shi haƙuri cikin ladabi, sai ya ƙara zarginta, don ya san masu saurin ba da haƙuri. Shugabarsu, Injiniya Nibin, ta ce yana ja musu aiki baya. Matasan ofis suka sa masa suna Alƙali.

"Alƙali, yau wa za a rataye?"

"Wanda bai karanta abin da ya sa wa hannu ba," in ji shi, ido na kan allo.

Da aka tura wa asibitoci sabon gyaran manhajar ranar Alhamis ba tare da an jira shi ba, bai iya cin kifin Juma'a ba. Lahadi da safe ya ɗauki mahaifiyar tasa da kansa, yana ta shirya abin da zai faɗa idan aka ce babu sunanta.

"Ɗana, ni ce marar lafiya ko kai?" ta tambaye shi a mota.

Matar da ke karɓar marasa lafiya ta gaishe da Hajiya da sunanta, ta ce ta wuce gadonta na kullum. Mamduh ya nemi ganin kwamfutar da manhajarsu ke ciki. Tana can a kusurwa, an lulluɓe ta da zanen tebur, an ɗora tukunyar fure. Tun da aka kawo ta ba a jona ta da wuta ba.