Sawun Allura a Rigar Inna Tela

Wata bakwai da rasuwar mijinta, matar ta fito sayen man girki, ba ta san ƙusar ƙofa ta kama mayafinta ta yaga shi ta baya ba, tun daga kafaɗa har kusan ƙugu. Ta wuce mai kayan miya, ta wuce masu jiran mota, ba wanda ya ce mata uffan. Sai da ta zo daidai ɗan shagon ɗinki na bakin kwana ta ji an ƙwala mata kira.

"Baiwar Allah! Zo in ga yadin nan naki, na daɗe ina neman irinsa."

Ta shiga a ɗarare. Mai shagon ta zaunar da ita kan benci, ta tsaya a bayanta tana ta yabon yadi, tana tambayar inda aka saya da yadda yake karɓar wanki. Matar tana jin ana ɗan jan kafaɗarta, ta ɗauka taɓa yadin ake yi. Sai da ta koma gida ta cire mayafin ta ga doguwar yagar an haɗe ta da zare mai kalar yadin sak.

Washegari ta koma godiya. Mai shagon ta yi kamar ba ta gane zancen ba, ta miƙo mata riga da maɓallai shida, ta ce, "In kin iya riƙe allura, zauna. Idona ya gaji." Zaman da ta yi ke nan shekara tara. Ita ke ɗaura maɓalli, ita ke kalmasa da hannu, ita ke tsince zare, har unguwa ta manta sunanta ta koma kiranta Mai Maɓalli. Mai shagon kuwa tun can Inna Tela ake ce mata.

Inna Tela mace ce mai jiki, mai murya, wadda in ta yi dariya gwangwanayen zare sai sun amsa. Tana 'yar shekara goma sha huɗu aka kai ta koyon ɗinki wurin kawunta. Tana da halin da duk tela yake da shi na tara fil a baki, har rannan atishawa ta kama ta, saura ƙiris ta haɗiye guda. Kawun ya tsorata, ya ce daga yau duk sanda za ta hau keken ɗinki ta jefa alewa a baki, don bakin da ke da alewa ba ya karɓar fil. Dabarar ta yi aiki. Shekara arba'in da ɗoriya ba ta ƙara sa fil a baki ba, kuma ba ta taɓa ɗinka ko ɗankwali ba tare da alewa a kumatu ba. Da keken nan na ƙafa ta ciyar da 'ya'ya huɗu bayan mijinta ya kwanta jinya, ta aurar, ta yi rufin kwano.

Sai gwiwar dama ta ce ta gaji. Likita ya duba ya ce sai an yi aiki, amma ba zai taɓa ta ba sai ta sauke kilo takwas cikin wata uku, sugan jininta ma ya sauka. In ba a yi aikin ba, ta yi sallama da keke.

Auta, 'yarta ta ƙarshe da ke koyarwa a wata makaranta can ƙetaren gari, ita ta ɗauki abin da zafi. Ta zo ranar Asabar ta juye shagon. Ta buɗe aljihun keke, ta zazzage kwandon ƙyalle, ta leƙa har cikin gwangwanin maɓallai, ta tattara alewa da biskit cike da leda ta raba wa maƙwabta. Ta kawo sikeli, Inna Tela ta ce ita ba buhun hatsi ba ce da za a ɗora ta a kan ma'auni. Ita tela ce, tef ta sani, da tef za a auna ta ko a bari. Auta ta haƙura. Aka tsaya a kan duk Asabar za a zagaya ƙugu da tef.

Makon farko shagon bai zaunu ba. Inna Tela ta yi faɗa da mai kawo ruwa, ta yi faɗa da zare, ta yi faɗa da almakashi. Ɗinkinta ya riƙa karkacewa kamar na 'yar koyo, ta farke hannun riga ɗaya sau uku. An ce ta ci lemo ko karas in kwaɗayin ya taso, ta ce ita ba akuya ba ce. Ta gwada tsotsar maɓalli, Mai Maɓalli ta ce, "Yaya, wannan ai gara fil ɗin." Suka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

A mako na uku komai ya lafa rana ɗaya. Ɗinki ya miƙe sambal, waƙa ta dawo bakin Inna Tela, mai kawo ruwa har ya samu "sannu ɗana". Kowa ya ce alhamdulillahi, jiki ya saba. Mai Maɓalli ma ta faɗa, amma tana faɗa tana kallon kumatun hagu. Ba ta ga tudu ba. Sai dai ta lura Inna Tela ta koma amsa magana da "uhm" a lokutan da da sai ta saki zance, ta kuma ɗauki wani sabon hali na juya baya ta ce za ta nemi alli, alhali allin na gabanta.

Mai Maɓalli mace ce mai tsoron Allah. Ta yi istigfari, ta ce wa zuciyarta wannan matar ta rufa mata asiri ranar da gari ya zuba mata ido, ba ita ce za ta zauna tana ƙirga mata haɗiyar yawu ba. Amma ido ba ya jin wa'azi. Ranar Asabar da aka zo awo, ta ga Inna Tela ta tsallake sabon tef da ke rataye a wuyanta, wanda take auna masu kawo ɗinki da shi, ta ɗauko tsohon na yadi daga ƙusa, wanda ya sha ja har lambobinsa sun yi nisa da juna. Duk tela ya san tsohon tef miƙewa yake yi, ya riƙa faɗin ƙasa da gaskiya. Auta malamar makaranta ce, ba ta san wannan ba.

"Inci biyu sun tafi, Inna!" in ji Auta, har da tafi.

"To da fa? Kin ɗauka uwarki wasa take yi? Dubi rigar nan." Ta kama gefen rigarta shuɗiya ta ja, ga yadi ya yi yawa, hannu sai ya shiga. Rigar nan kuwa wata biyu da suka wuce kama ta take yi tsam.

Rigar ta rufe bakin Mai Maɓalli. Tef na iya miƙewa, amma riga ba ta girma da kanta. Ta koma gida tana jin kunyar kanta, ta ƙara raka'a biyu a kan nafilarta.

Da Auta za ta tafi wata Asabar, ta ja Mai Maɓalli gefe a bakin ƙofa. "Mama, ke ce kullum kusa da ita. Ba ta ci, ko? Ba kuma mai kawo mata?" Tana tambaya tana kallon jakar Mai Maɓalli. Matar ta gane kallon, ya kuma yi mata zafi. Ta buɗe jakar da kanta, carbi ne da tabarau da makulli. Ta ce, "Ban ga ta sa komai a baki ba, 'yata." Gaskiya ta faɗa, amma ta san ba ita ce dukan gaskiyar ba.

Saura kwana huɗu a koma asibiti, Inna Tela ta canza riga a bayan labule saboda shayi ya zube mata, ta rataye shuɗiyar a ƙusa, ta ɗingisa ta tafi duba wata maƙwabciya da ta haihu. Mai Maɓalli na kalmasa sai ta ga kiyashi. Layi guda suka yi daga gindin bango, suka haura, suka bi ƙusa, suka gangara cikin rigar. Shayin Inna Tela ba suga, Mai Maɓalli ce ke haɗa shi. To me kiyashi ke nema?

Ta daɗe tana kallo, allura a hannu. Sannan ta ce bismillahi, ta sauke rigar ta juya cikinta waje.

Abin da ta fara gani ba abin da kiyashi ke bi ba ne. A kowane gefe, tun daga hammata har ƙasa, ga jerin ƙananan huda a miƙe, sawun allura inda tsohon ɗinki yake. An farke shi, an matsa waje da inci ɗaya da rabi, an sake ɗinkewa, an bi da dutsen guga don sawun ya ɓace. A idon wani ya ɓace. Matar da ta shekara tara tana tsince zare kuwa, kamar an ja mata layi da alli ne. Ba Inna Tela ce ta rame ba, rigar aka buɗa.

Can ƙasan hammatar hagu ta sami ɗan aljihu, bakinsa a ɓoye cikin ninki, aiki mai kyau ƙwarai, irin wanda sai gwani. A ciki akwai ƙananan alewa guda biyar, an ɓare su tun a gida don kada leda ta yi ƙara, ɗaya ta narke ta manne. Ta leƙa bayan labule, rigunan aiki uku ne, kowace da nata aljihun.

Ba ta kira Auta ba. Ta kakkaɓe kiyashin, ta shimfiɗa rigar a kan keke yadda ta juya ta, ta koma benci ta ci gaba da kalmasa.

Inna Tela ta dawo tana ba da labarin jaririn tun daga ƙofa. Ta ga rigar, labarin ya tsaya.

"Au. Bincike kika koma, Malama?"

"Kiyashi ne suka yi binciken, Yaya. Ni bin su na yi."

"Munafukai. Duk garin nan ba su ga gidan zuwa ba sai hammatata." Ta zauna da ƙyar, ta miƙe ƙafar. "Guda nawa ne? Ƙanana ne fa, ko farce ba su kai ba."

"A rana nawa?"

"Ban ƙirga ba."

"Wa ke kawowa?"

"Wa zai kawo? Ƙafata ce. Mai kantin bayan layi ya san ni tun yana goyo." Ta shafa sawun allurar da yatsa. "Na gwada, wallahi na gwada. In bakina ba komai, hannuna rawa yake yi, kin dai gani. Kayan bikin mutane ne a gabana, in lalata musu? Na ce ɗaya kawai, in gama rigar amarya. Daga nan kuma... Kada ki gaya wa Auta."

"Ba zan kai mata ba. In ta tambaye ni kuma ba zan yi ƙarya ba, na gaji da wadda na kusa yi. Amma Yaya, likitan nan da tsohon tef zai auna ki?"

Inna Tela ta kalli tsohon tef ɗin da ke rataye a ƙusa. Mai Maɓalli ta tabbata har ga Allah matar nan ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba. Inna Tela ta buɗa riga ne don ta kwantar da hankalin Auta, ta yi ta sa rigar tana jin iska na shiga, har ita ma ta yarda.

Ranar asibiti sikeli ya ce ta ƙara kilo ɗaya. Likita ya rufe fayil ya ce babu aiki, a dawo bayan wata uku, kuma wannan ne na ƙarshe, don gwiwar ba za ta jira fiye da haka ba. Auta ba ta yi faɗa ba, kuka ta yi a cikin mota, wanda ya fi faɗan ciwo. Kwana biyu shagon na rufe.

A rana ta uku da hantsi Mai Maɓalli ta tarar an buɗe. Sikelin da aka ƙi yana ajiye kusa da keke, ba wanda ya yi zancensa. Inna Tela na zaune, idonta a kumbure, rigunan nan huɗu a kan cinyarta. Ta tura su kan benci, ta ɗora zare mai kauri a kai.

"Ƙanwata, ki ɗinke mini bakin aljihunan nan. Da hannu, ƙanana-ƙanana, irin naki mai taurin kai."

"Yaya, ai ga keke, minti ɗaya ne a wurinki."

"Na sani. In ni na ɗinke, kafin azahar na farke, ban jin kunyar ɗinkina." Ta ja hanci, ta jawo wata riga ta sa ƙarƙashin allura. "Naki ne ba zan iya sa wa reza ba. Ki yi biyu-biyu. In kuma kin ga ina lalubar hammata, kada ki yi mini kawaici, ki kira sunana da ƙarfi."